Jar Motar Dakta da Na Yi wa Kuɗi Sau Biyu

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya a gidan Gwaggonki, Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa ki shiga garin mutane da ƙafar dama. Na ce wa Mamanki ta cusa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin ledar kuka da daddawa, don na san hannunki ba zai kai can ba sai kin huta. Da baki na so in faɗa miki, amma kin san halina. In na fara doguwar magana sai tari ya karɓe, Mamanki kuma ta ƙarasa min da abin da ban yi niyyar faɗa ba.

Kin samu aikin yi wa motoci kuɗi a kamfanin inshora, ga takardar shaida, ga kwamfuta. Ni shekara arba'in da 'yan kai na yi ina wannan aiki a garejina na Gyaɗi-Gyaɗi, da tocila da tsumma, kuma na gaji, Ummi, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ba zan koya miki abin da aka koya miki a makaranta ba. Labarin mota ɗaya zan ba ki, ki ɗauki abin ɗauka.

Kin tuna ranar Talatar da Asabe ma'aikaciyar jinya, 'yar marigayi Dakta maƙwabcinmu, ta shigo da fararen kayan aiki a jikinta, ta ce za a raba gadon mahaifiyarta Hajiya Rabi ranar Asabar, suna so in zo in yi wa jar motar nan kuɗi? Kin ga na tsame hannu daga tuwo, kin tambaye ni, na ce gyambon cikina ne ya motsa. Ba shi ba ne. Akwai maganar da na riƙe a kan motar nan shekara goma sha ɗaya ban faɗa wa masu ita ba. In na tsaya gaban magada kuwa, ɗayan biyu ne, ko in faɗa, ko in sake binne ta da wani farashin da na ƙaga.

Ke kin tashi kin gan ta da rufin ƙarfe, tana tafiya shiru kamar kowace mota. Ba haka aka haife ta ba. Dakta ne ya taho da ita ta jirgin ruwa daga Amurka da ya gama karatu. Doguwa ce mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya ya kwanta, a zauna a buɗe. Injinta mai fulogi takwas ne, in aka tayar da shi har tagogin layinmu sai sun amsa. Ranar Juma'a kaɗai yake fito da ita, bayan la'asar, ya zaga ta Tarauni ya ɓullo ta Daurawa ya dawo, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya dafe da hula. Ni nake yi mata juyen mai, shi kuma yana tsaye a kaina. Ko tsohon noti na cire sai ya karɓa ya jefa a wani kwali. A raina nakan ce likita guda da rowar noti, Allah Ya kyauta.

Kina rarrafe Dakta ya rasu. Da aka zo rabon gado aka kira ni in yi wa motoci kuɗi. An shimfiɗa tabarmi a farfajiya, dangi sun cika, Malam Habu mai rabo yana zaune da takarda da biro. Kafin in zauna wani ƙanen mamacin ya ce, "Ga Sabo nan, shi ba ya kuskure farashi." Motar gida da ake kai yara makaranta na faɗi kuɗinta nan take, kowa ya gyaɗa kai. Sai Malam Habu ya nuna jar da biro.

"Malam Sabo, wannan fa?"

Ummi, ban sani ba. Ban taɓa ganin an sayar da irinta ba, ban taɓa jin an taya ba. Amma yabon nan yana kunnena, ga idanu sun yi min caa. Sai na auna ta da ma'aunin da na saba: tana shan mai, babu kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa, ba ta yin haya, ƙofa biyu ce, rufin ya fara yoyo. Na zaga ta sau ɗaya, na bugi taya da ƙafa don a ga na yi aiki, na ce kuɗin babur biyu. Malam Habu ya rubuta. Ba wanda ya so ta, sai ta faɗa cikin tumunin Hajiya Rabi, aka cika mata da wasu kaya.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma kunya ce ta jawo shi. Za a kawo miki abin da ba ki taɓa gani ba, ga oganki a tsaye, ga mai kaya yana duba agogo. Ki ce ba ki sani ba, a ba ki mako guda. Za ki ji kamar an tuɓe miki mayafi a kasuwa, amma kafin la'asar kowa ya manta. Farashin da kika faɗa kuwa, in ya hau takarda, ya zauna ke nan, a kansa za a raba haƙƙin marayu. Kuma kasuwar ƙofar gidanku ba ita kaɗai ce kasuwa ba. Abin da ba mai tayawa a nan, wani yana can yana nemansa ido rufe, kuma kuɗin da wancan zai biya yana cikin darajar abin, ko kin san shi ko ba ki san shi ba.

Bayan Hajiya ta fita takaba da kamar shekara, ta aiko aka kira ni. Ɗaya motar ta tafi a rabon babban ɗanta, ita ga yara uku 'yan makaranta.

"Malam Sabo, motar nan ta fi ƙarfina," ta ce. "Mai take sha kamar an huda tankin. Da damina kuma sai mun buɗe lema a ciki. In sayar ko a gyara? Abin da ka ce shi za a yi, kai Dakta ya yarda da kai."

Na ce, "Hajiya, wa zai saya? Ki bar min ita wata biyu."

Na zage na yi aiki. Na sauke injin nan mai fulogi takwas, na dasa mata na 'yar Jafan mai huɗu, da giyarsa. Na kwance ƙarafunan da ke naɗe rufin. Iliya mai walda ya yanko rufin wata mota da ta yi haɗari, muka yi kwana tara muna daidaita shi, muka liƙe. Jan fentinta na asali ya koɗe, sai na sa aka kankare shi tas aka fesa sabo mai ƙyalli. Ban karɓi ko kwabo na aikin hannu ba. Ranar da ta fito, bakanikai har daga Unguwa Uku suka zo kallo, ni kuwa ina ta fankama, ina nuna musu inda aka yi waldar ba a gane ba. A duk aikin da na yi a rayuwata babu wanda na yi alfahari da shi kamar wannan, kuma babu wanda ya kai shi ɓarna.

Garin gyaran gira na tsone ido. Tsohon abu, kafin ki sa a taɓa shi, ki tambaya me masu nemansa suke nema a jikinsa. Sau da yawa abin da ke damun ki shi ne kuɗin. Shan man nan, da tamfol mai yoyo, da koɗaɗɗen fentin, su ne motar. Za ki ga motoci an shafe su suna walƙiya, masu su suna jiran ki ƙara musu kuɗi saboda gyara. Ki fara tambayar me aka cire kafin ki yaba abin da aka sa.

Injin ya zauna a kusurwar gareji shekara shida, na lulluɓe shi da tamfol ɗin motar. Sai mai filin ya ce zai fitar da shaguna ta gaba, wuri ya matse. 'Yan gwangwan suka zo da sikelinsu. Na haɗa musu injin da giyarsa da ƙarafunan rufin, har da kwalin notinan Dakta da Hajiya ta aiko min tun tuni ta ce ko zai yi amfani. Aka auna, suka biya a kilo. Na ɗauki kuɗin cif na kai wa Hajiya, ko na ruwa ban cire ba. Ta yi ta sa min albarka, washegari ta aiko da dambun shinkafa cikin babbar kula, kowa a gidan nan ya ci. Ke ma kin ci, har kina neman ƙari.

Ina faɗa miki wannan ne don Mamanki ta cika kunnenki da riƙon amana, kuma gaskiyarta. Amma ni ban ci amanar kowa ba a ranar, na yi ɓarnar ne da hannu mai tsabta. Amanar da babu sani a cikinta tana iya tsiyata mutum yana yi miki godiya. Ki riƙe amana, ki kuma yi ta tambaya har a gaji da ke.

Bayan wasu shekaru motar ta zo gyaran birki. Ina ƙarƙashin wata motar sai na ga takalma masu tsada sun tsaya. Wani dattijo ne, Alhaji Mudi, ɗan Daurawa ne amma ya daɗe a ƙasar waje yana cinikin tsofaffin motoci, ya zo ganin gida. Wucewa yake yi ya hango gindin jar motar, ya sa direba ya juyo. Bai ko gama amsa gaisuwata ba ya karɓi tocilata. Ya leƙa lambar da ke gindin gilashin gaba, ya buɗe ƙofa ya karanta wadda ke jikinta, bakinsa yana motsi. Sannan ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa ya shige ƙarƙashi. Da ya fito ya ce in buɗe bonet. Na buɗe da murmushina, ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo. "Ina injinta?"

"Mun sauke shi, Alhaji. Shan mai."

"Na ji. Yana ina?"

"'Yan gwangwan sun ɗauka, an kwana biyu."

Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna. "Wannan rufin fa, wa ya ɗora mata?"

"Ni ne, da wani mai walda."

"Kun iya aiki," ya ce, bai ɗago ba. "Malam, ka san abin da ka yanka kuwa?"

Shi ya zaunar da ni ya karanta min abin da zan karanta miki yanzu. Ya ce lambar jikin mota tana faɗin yadda aka haife ta: shekararta, irin injinta, da ko buɗaɗɗiya ce tun daga masana'anta. Irin wannan masu rufin ƙarfe suna da yawa, amma buɗaɗɗiya mai wannan babban injin kaɗan aka ƙera, waɗanda suka rage kuma masu neman su sun san su kusan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a jikin injin ma akwai lamba, ƙarshenta ya kan dace da ta jikin motar, kuma wannan dacewar ita ce rabin kuɗin, don ita ke nuna ba a taɓa raba su ba. Ya fito da ɗan maganaɗisu ya naɗe a hankici yana bin jikinta da shi, inda ya ƙi kamawa ya ce nan fila ce aka cika, ba ƙarfe ba ne. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa yana neman tsatsa, ya ce buɗaɗɗiyar mota ta ƙasa take mutuwa saboda ruwan da ke kwanciya, amma wannan busasshen garinmu ya tsare ta, ƙasanta garau. Ya tambayi takardu, na ce Dakta ba ya yar da ko rasit. Ya rufe ido.

"Da ka bar ta yadda take, da yoyonta da komai, ko ba ta tashi, kuɗinta zai sayi gidan mai ita ya haɗa da na kusa da shi."

"Yanzu fa, Alhaji?"

"Yanzu gangar jiki ce mai lamba mai kyau. Tana da kuɗinta, amma ba ni zan saya ba, ba na iya kallonta."

Ya karkaɗe shaddarsa ya tafi, ban sake ganinsa ba. Ki riƙe tsarin nan nasa, ya fi duk abin da na sani: lamba tukuna, sannan ƙarƙashi, sannan takardu, fenti a ƙarshe. Mai sayarwa ta fenti yake so ki fara.

Da la'asar Hajiya ta biyo ɗaukar motar, ɗanta zai tuƙa. Ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Sabo, an ce wani mai kuɗi ya zo yana birgima a ƙarƙashin motata?"

Na ce, "Mai kallo ne kawai, Hajiya."

Wannan shi ne babban kuskuren, Ummi. Sauran duk rashin sani ne, wannan kuwa da sanina na yi. Na ce wa kaina faɗar ba za ta dawo da injin ba, baƙin ciki kawai zan ƙara wa baiwar Allah. Ƙarya nake yi, sunana nake tsoro. Na ce zan faɗa bayan Sallah. Sallah ta wuce na ce bayan bikin ɗanta. Biki ya wuce ta fara ciwon ƙafa, na ce sai ta warware. Duk gyaran da motar ta zo ban ƙara karɓar ko kuɗin kaya ba, ita tana cewa Sabo ya riƙe zumuncin Dakta, tana faɗa wa mutane. Duk Sallah kular abincinta sai ta shigo gidan nan, kuna murna, ni ina cewa cikina ba daɗi. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta ƙofarta sau biyar a rana zuwa masallaci.

Tsakanin nan ma sai da na ƙara wani kuskuren. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wani Alhaji Tanko a Ƙauyen Alu ya kira ni in ga tsohuwar buɗaɗɗiyar motar babansa, an taya ta da daraja yana so ya sallama. Ko lambar ban tsaya karantawa da kyau ba na ce kada ya kuskura, gida guda yake zaune a kai. Ya kori mai saye. Daga baya aka gano mai rufin ƙarfe ce wani ya yanke mata kai tun zamanin da. Tana nan ƙarƙashin darbejiya kaji na ƙwai a ciki, shi kuma in mun haɗu a jana'iza sai ya kau da kai. Tsoron rage wa abu kuɗi kada ya sa ki hura shi. Farashin gaskiya shi ne abin da mai saye da ya san kaya zai ba mai sayarwa da ya san kaya, ba wanda ake kora, ba wanda ake ruɗa.

To, ranar Asabar na je. Kina kasuwa ke da Mamanki kuna sayen akwati, ban faɗa muku ba. Farfajiyar nan ce dai, tabarmi ne kawai suka sake. Malam Habu ya daɗe da rasuwa, wani matashin malami ne da takarda. Ga Kabiru babban ɗan, ga Asabe, ga ƙannensu biyu. Kabiru ya ce, "Baba Sabo ya san motar nan fiye da mu, abin da ya faɗa shi ke nan." Malamin ya ɗaga biro.

Na ce ya ajiye biron tukuna. Na faɗa musu duka, tun daga kuɗin babur biyu har zuwa mai kallo ne kawai. Ban yi tari ko sau ɗaya ba, abin ya ba ni mamaki. Da na gama, Kabiru ya share fuska da tafin hannu ya ce, "To yanzu nawa ce?"

Na ce, "Ban sani ba."

Na kwafe musu lambobin a takarda. Na ce su ɗauki hoton ƙarƙashinta da na fayil ɗin takardun motar da Dakta ya adana, su aika wa masu wannan harka a waje, aƙalla mutum uku da ba su san juna ba, kada a rubuta komai sai amsa ta zo. Na ce kada su sayar wa wanda ya fara zuwa, kada kuma su sayar wa duk wanda ya ce ni na turo shi. Malamin ya ce a ɗage rabon motar, a raba sauran.

Asabe ce ta rako ni bakin ƙofa. Tun tana 'yar firamare nake ɗaga ta in sa a bayan motar nan. Na tsaya na ce, "Asabe, ku yafe min."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba Sabo, namu mai sauƙi ne, ni na yafe, su Yaya ma za su huce. Amma motar ba tamu ba ce a lokacin. Ta Inna ce. Kuma wata huɗu tana kwance a ɗakin nan, kana zuwa dubiya duk Juma'a, da hankalinta da komai. Ita ce mai yafewar, Baba."

Ta koma ciki, ni kuma na taho gida. Kuka dawo da akwati kuna tambayata ko launin ya yi, na ce ya yi.

Za ki yi kuskure a aikin nan, Ummi, babu makawa, wanda bai taɓa kuskure farashi ba bai taɓa faɗar farashi ba. Ranar da kika gane, a ranar za ki je, ko da rana ta take, ko za a kore ki. Kada ki jira Sallah.

Allah Ya tsare min ke, Ya ba ki abokan aiki na gari, Ya sa ma'auninki ya tsaya daidai ko ba mai kallo. Ki gai da Gwaggonki da maigidanta, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kira Mamanki ko ba ki da abin faɗa. Sai roƙo ɗaya. In kin idar da salla ki riƙa sa Hajiya Rabi a addu'a, Allah Ya haskaka kabarinta. Ki roƙa min kuma Allah Ya sanyaya zuciyarta a kaina kafin ranar da za mu tsaya ni da ita, don yanzu babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sabo Bakanike
Gyaɗi-Gyaɗi